Zaizayewar Guringuntsin Gwiwa: Ina Aka Kwana a Binciken Neman Magani?

Idan likita ya duba hoton gwiwarku ya ce guringuntsi ya zaizaye, tambayar da ke biyo baya kusan ɗaya ce: akwai maganin da zai dawo da shi, ko aƙalla ya tsayar da lalacewar? Amsar a taƙaice ita ce, har yanzu babu ƙwaya ko allurar da hukumomin kula da magunguna na Amurka da Turai suka amince cewa tana kare guringuntsin gwiwa daga wannan ciwo. Magungunan da ake bayarwa a asibiti na rage zafi ne da kumburi. Sai dai bincike bai tsaya ba, kuma an samu ci gaba na gaske. Wannan shafi zai bayyana muku abin da aka gwada, abin da ya nuna alamar nasara, abin da ya gaza, da abin da za ku iya yi tun yau.

Mene ne wannan ciwo?

Amosanin gaɓɓai iri-iri ne. Wanda muke magana a kansa shi ne na zaizayewa, wanda za ku ji likitoci na kira ostiyo'ataraitis. Shi ne ya fi kowanne yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ke fama da shi, kuma miliyan 365 daga ciki a gwiwa ne. Kusan kashi 60 cikin ɗari mata ne, kuma mafi yawansu sun haura shekara 55.

Alamominsa sanannu ne: zafi wajen hawa bene ko tashi daga tsugune, ƙagewar gwiwa na ɗan lokaci da safe, ƙara idan an lanƙwasa ƙafa, wani lokaci da kumburi. Da yawa suna fara lura da shi ne wajen miƙewa daga zaman salla. Abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa sun haɗa da shekaru, ƙiba, tsohon rauni a gwiwa, gado, gwame ko bakan ƙafa, da aikin da ke buƙatar yawan durƙuso da ɗaukar kaya masu nauyi.

Me ya sa guringuntsi ba ya warkewa da kansa?

Guringuntsi shi ne farin abu mai santsi da ke lulluɓe da kan ƙashi a cikin gaɓa, irin wanda kuke gani a ƙarshen ƙashin kaza. A gwiwar mutum kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne kawai. Mafi yawansa ruwa ne da ke riƙe cikin wata saƙa ta furotin. Ƙwayoyin halittar da ke gina shi kaɗan ne ƙwarai, kowacce a kulle a gurbinta.

Matsalar ita ce babu hanyar jini a cikinsa. Fata ko ƙashi idan sun ji rauni, jini ne ke kawo kayan gyara. Guringuntsi kuwa daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa: idan kun taka ya matse, idan kun ɗaga ƙafa ya tsotsi ruwa kamar soso. Shi ya sa gyaransa ke tafiyar hawainiya, shi ya sa kuma zama wuri ɗaya ke cutar da shi.

A da ana ɗaukar ciwon kamar suɗewar tayar mota. Yanzu an gane cewa ya wuce haka. Ƙwayoyin guringuntsin da kansu ne ke fara fitar da sinadaran da ke narkar da saƙar da suka gina. Tantanin da ke kewaye da gaɓar yana kumbura, ƙashin da ke ƙasa yana sauya siffa, tsokar cinya tana raunana. Ciwo ne na gaɓa gaba ɗaya. Maganar da ake yi cewa "ruwan gwiwa ya ƙare" ba ta cika daidai ba. Ingancin ruwan ne ke raguwa, amma sau da yawa yawansa ƙaruwa ma yake yi, shi ne kumburin da kuke gani.

Zafi daban, guringuntsi daban

Wannan shi ne mabuɗin fahimtar duk binciken da ke ƙasa. Guringuntsi ba shi da jijiyar jin zafi. Zafin da kuke ji daga ƙashi yake fitowa, da tantanin gaɓa, da naman da ke kewaye. Saboda haka ake samun wanda hotonsa ya nuna lalacewa sosai amma yana zuwa gona, da wanda hotonsa bai nuna abu mai yawa ba amma ba ya iya barci.

Ke nan magani zai iya rage zafi bai kare guringuntsi ba, zai kuma iya ƙara kaurin guringuntsi bai rage zafi ba. Masu bincike na neman wanda zai haɗa biyun. Wani magani mai suna tanezumab misali ne mai kyau. Ya rage zafi sosai a gwaji, amma a wasu marasa lafiya gaɓar ta lalace da sauri fiye da yadda aka saba gani, har kamfanonin da ke haɗa shi suka dakatar da aikin a 2021.

Akwai wani cikas kuma. Ciwon yana ɗaukar shekaru yana tafiya, kuma abin da ake aunawa bai kai milimita ɗaya ba. Kafin a tabbatar magani yana aiki, sai an bi ɗaruruwan mutane na tsawon shekara biyu ko fiye da hoton MRI, an raba su gida biyu: wasu a ba su maganin, wasu a ba su allurar ruwan gishiri ko ƙwayar da babu magani a cikinta, ba tare da sun san wanne suka samu ba. Wannan kwatancen wajibi ne, domin allurar ruwan gishiri kaɗai a gwiwa tana sa mutane da yawa su ce sun ji sauƙi na watanni.

Magungunan da ke neman gina guringuntsi

Wanda ya fi yin suna a wannan rukuni shi ne sprifermin, wani furotin da ke zaburar da ƙwayoyin guringuntsi su hayayyafa. An gwada shi a kan mutum 549, aka wallafa sakamakon a mujallar JAMA a 2019. Waɗanda suka samu allura mafi ƙarfi duk bayan wata shida, guringuntsinsu ya fi na 'yan ruwan gishiri kauri da milimita 0.05 bayan shekara biyu, wato kamar silin gashi ɗaya. A fagen kimiyya wannan babban abu ne, domin ya nuna cewa ana iya ƙara wa guringuntsin babban mutum kauri da magani. Amma zafin da suke ji bai bambanta da na sauran ba. Ba a sayar da shi a kasuwa.

A ƙarshen 2025 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun wallafa wani aiki a mujallar Science kan wani furotin mai suna 15-PGDH, wanda ke ƙaruwa a jiki yayin da ake tsufa. Da suka toshe aikinsa a tsofaffin ɓeraye, guringuntsinsu ya sake kauri. Sun kuma ga alamar farfaɗowa a guntayen guringuntsin mutane da aka cire lokacin tiyata aka ajiye a ɗakin gwaji. Labari ne mai daɗi, amma ku lura: ɓera da ɗakin gwaji ne. Magunguna da yawa sun warkar da gwiwar ɓera suka gaza a jikin mutum.

Magungunan da ke neman hana narkewa

Wata dabarar ita ce a toshe sinadaran da ke cin guringuntsin. An gwada wata ƙwaya mai lamba GLPG1972 a kan mutum sama da 900 na tsawon shekara ɗaya. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna ba ta rage zaizayewar ba. Wata kuma, MIV-711, ta rage sauyin ƙashi da siracewar guringuntsi a hoton MRI cikin wata shida, amma ita ma ba ta taɓa zafi ba.

An kuma gwada bi ta hanyar ƙashi. A Ostireliya an yi wa mutum 223 gwajin wani maganin ƙarfafa ƙashi da ake sawa ta jijiya sau ɗaya a shekara, bai rage asarar guringuntsi ba bayan shekara biyu. Haka bitamin D: gwajin mutum 413 masu ƙarancinsa a jini, wanda aka wallafa a 2016, bai nuna ya kare guringuntsi ba.

Tsofaffin magunguna, sabon aiki

Wasu alamun sun fito ne daga inda ba a zata ba. A wani babban gwaji na masu ciwon zuciya sama da 10,000, an ba wasu maganin kumburi mai suna canakinumab. Da aka koma aka duba bayanan, sai aka ga waɗanda suka samu maganin sun fi ƙarancin buƙatar tiyatar sauya gwiwa ko ƙugu da kusan kashi 40 cikin ɗari. An ga makamancin haka, kusan kashi 30, da colchicine, tsohon maganin ciwon gawut, a wani gwajin masu ciwon zuciya. Waɗannan gwaje-gwaje ba don gwiwa aka tsara su ba, don haka ishara ce kawai cewa kashe kumburi na tsawon lokaci zai iya taimakawa. Kada ku fara shan colchicine da kanku, domin tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke zama guba ƙanƙanuwa ce.

Sai magungunan suga da ƙiba. A 2024 an wallafa gwajin allurar semaglutide a kan mutum 407 masu ƙiba da ciwon gwiwa. Cikin mako 68 sun rage kusan kashi 14 cikin ɗari na nauyinsu, zafinsu kuma ya ragu fiye da na waɗanda ba su samu maganin ba. A 2025 wani ƙaramin gwaji na mutum 107 masu nauyin jiki a Ostireliya ya nuna metfomin, sanannen maganin ciwon suga, ya rage zafin gwiwa cikin wata shida. Duka biyun zafi suka auna. Ko suna kare guringuntsi, wannan tambaya ce da ke buƙatar gwaji mai tsawo.

Alluran da ake tallatawa

A nan ne iyalai suka fi yin asarar kuɗi, don haka ku karanta da kyau.

- Allurar sitiroyid a gwiwa. Tana kwantar da zafi da kumburi na 'yan makonni, kuma tana da amfani idan ciwo ya taso da ƙarfi. Amma a wani gwaji na mutum 140 a birnin Boston, waɗanda aka yi wa ita duk bayan wata uku na shekara biyu sun fi 'yan ruwan gishiri asarar guringuntsi, zafinsu kuma bai fi na sauran sauƙi ba. Ba allurar da za a mayar al'ada ba ce.
- Allurar "man gwiwa". Wani ruwa ne mai yauƙi irin na gaɓa. Da aka tattara gwaje-gwaje masu yawa aka duba a 2022, an ga sauƙin da take bayarwa kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da ruwan gishiri. Ba ta gina guringuntsi.
- Allurar ruwan jinin mutum, wadda ake kira PRP. Ana ɗibar jininku a tace, a mayar da ɓangaren da ke ɗauke da ƙwayoyin daskarar da jini cikin gwiwa. Gwajin mutum 288 a Ostireliya, wanda ya fito a 2021, bai ga bambanci da ruwan gishiri ba, ko a zafi ko a yawan guringuntsi, bayan shekara ɗaya.
- Allurar ƙwayoyin halitta na tushe. Ana ɗebo su daga ɓargo, ko kitse, ko igiyar cibiya. A wani gwaji na mutum kusan 480 a Amurka da aka wallafa a 2023, ba su fi allurar sitiroyid guda ɗaya ba bayan wata 12. A Koriya ta Kudu an taɓa amincewa da wata allurar ƙwayoyin halitta a 2017, aka soke izininta a 2019 da aka gano cewa wasu ƙwayoyin da ke ciki ba na guringuntsi ba ne.

Ƙungiyar likitocin amosanin gaɓɓai ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2019, ta ba da shawarar kada a yi amfani da PRP ko ƙwayoyin tushe don wannan ciwo. Duk wanda ya ce muku zai dawo da guringuntsi da allura, ya kuma nemi maƙudan kuɗi, ya yi alƙawarin abin da bincike bai tabbatar ba.

Gulukosamin da sauran ƙwayoyin "gina jiki"

Gulukosamin da kwandiroitin suna cikin abin da aka fi saya a kemis don ciwon gwiwa. A babban gwajin da aka yi a Amurka kan mutum 1,583, wanda ya fito a 2006, ba su fi ƙwayar da babu magani a cikinta rage zafi ba idan aka ɗauki mahalarta gaba ɗaya, kuma bibiyar shekara biyu ba ta nuna sun kare gaɓar ba. Yawanci ba su da illa mai tsanani, illarsu a aljihu take.

Haka batun miyar kuɓewa, ganda da farfesun ƙafar sa. Abinci ne mai kyau, amma ciki yana narkar da su kamar kowane abinci. Yauƙin miya ba ya gangarawa gwiwa.

Tiyata fa?

Tun 1994 likitoci a Suwidin suka nuna cewa ana iya ɗibar ƙwayoyin guringuntsin mutum, a raine su a ɗakin gwaji, a mayar su cike rami. Wannan yana aiki ne ga matashin da ya ji rauni ya samu rami ɗaya a guringuntsi mai lafiya. Kamar faci ne a riga: yana kamawa idan sauran yadin da ƙwari, ba ya kamawa idan ya riga ya suɗe ko'ina.

A birnin Utrecht na ƙasar Holan ana gwada wata dabara, inda ake sa ƙarafa a waje su ɗan ware ƙasusuwan gwiwa na kusan mako shida, don guringuntsi ya huta. Hotuna sun nuna ƙarin kauri a wasu, amma ramukan ƙarafan kan kamu da ƙwayoyin cuta, kuma dabarar ba ta yaɗu ba tukuna. Ga mai bakan ƙafa da bai tsufa ba, akwai tiyatar daidaita ƙashin ƙwauri don ɗauke nauyi daga gefen da ya lalace. "Wankin gwiwa" ta na'urar leƙe kuwa, tun 2002 aka nuna bai fi tiyatar kwaikwayo ba a wannan ciwo.

Idan gaɓa ta lalace sosai, zafi ya hana barci da tafiya, tiyatar sauya gwiwa ita ce mafita da aka tabbatar. Ana yin ta a Najeriya, ciki har da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Abin da ke hannunku yau

Kafin maganin ya iso, akwai abubuwan da amfaninsu ya tabbata.

1. Rage nauyi, idan akwai ƙiba. Kowane kilo ɗaya da kuka rage yana ɗauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. A wani gwaji na mutum 454 a Amurka, waɗanda suka haɗa gyaran abinci da motsa jiki na wata 18 sun rage kusan kashi 11 cikin ɗari na nauyinsu, zafinsu ya ragu, tafiyarsu ta ƙaru. Kitse kuma yana fitar da sinadaran kumburi, don haka amfanin ya wuce sauke nauyi kawai. Ku fara da rage lemon kwalba, sukari a shayi da koko, soye-soye, da girman malmalar tuwo.
2. Ƙarfafa tsokar cinya. Ita ce ke tare gwiwa daga girgiza. Ku zauna a kujera, ku miƙe ƙafa ɗaya, ku riƙe ta ƙidaya biyar, ku sauke, sau goma kowace ƙafa. Ku riƙa tashi da zama daga kujera a hankali. Likitan gashin ƙashi zai tsara muku abin da ya dace da jikinku.
3. Tafiya kullum. Motsi daidai gwargwado ba ya cinye guringuntsi, ciyar da shi yake yi. Ɗan zafi lokacin motsa jiki ba haɗari ba ne idan ya kwanta kafin washegari. Idan ya wuce haka, ku rage, kada ku daina.
4. Sauƙaƙa wa gwiwa. Sanda a hannun da ke ɗaya gefen ƙafar mai ciwo, masai na zama maimakon na tsugune, kujera wajen girki da wanki.
5. Kare gwiwar matasa. Tsinkewar jijiyar cikin gwiwa a wasan ƙwallo yana jawo wannan ciwo ga kusan rabin waɗanda abin ya faru da su cikin shekara 10 zuwa 20. Gwiwar da ta kumbura bayan rauni ko take zamewa tana buƙatar likitan ƙashi, ba ɗauri da tausa kawai ba.

Game da maganin zafi, ku fara da na shafawa irin daikulofenak, ya fi sauƙin illa. Na sha, irin su ibufurofen da daikulofenak, suna iya jawo gyambon ciki, su lalata ƙoda, su tayar da hawan jini, musamman ga tsofaffi. Kada a haɗa biyu daga cikinsu. Ku guji ƙwayoyin da ake haɗawa a ƙulla a leda ba suna, domin sau da yawa akwai sitiroyid a ciki, wanda shansa na tsawon lokaci ke kawo ciwon suga, kumburin fuska da raunin ƙashi. Tiramadol kuma yana kama jiki, ba maganin yau da gobe ba ne.

Tambayoyi huɗu kafin ku biya kuɗin sabon magani

- An gwada shi a kan mutane, ko a kan dabbobi kawai?
- An kwatanta shi da ruwan gishiri ko ƙwayar da babu magani a cikinta?
- Me aka auna: zafi, guringuntsi, ko duka biyun? Na tsawon wane lokaci?
- Wanda ke yaba shi, shi ne mai sayarwa?

Idan an gayyace ku shiga bincike a asibitin koyarwa, haƙƙinku ne a yi muku bayani da harshen da kuke ji, ku sa hannu da yardarku, ku kuma fita duk lokacin da kuka so ba tare da an fasa kula da ku ba.

Yaushe za a je asibiti da gaggawa?

- Gwiwa ta kumbura, ta yi zafi jau, ga zazzaɓi. Yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓa, wadda kan lalata guringuntsi cikin kwanaki. Haɗarin ya fi yawa ga masu sikila da masu ciwon suga, da wanda aka yi wa allura a gwiwa kwanan nan.
- An kasa taka ƙafa bayan faɗuwa ko rauni.
- Gwiwa ta maƙale, ta ƙi miƙewa.
- Baƙin bayan gida, aman jini, ko kumburin ƙafafu ga mai shan maganin zafi.

Idan kuma ƙagewar safe tana wuce rabin awa, ga kumburi a yatsu da wuyan hannu na ɓangarorin biyu, ku ga likita ba da jinkiri ba. Wannan yana iya zama wani nau'in amosanin ne daban, wanda garkuwar jiki ke haddasawa, kuma shi yana da magungunan da ke tsayar da lalacewar gaɓa idan aka fara su da wuri.